Babi na Tara: Jera Hotunan Iyali a Bangon Matakalar Bene

A wannan darasi za mu koyi yadda ake auna bangon matakala, a fitar da layi, a huda, a rataye hotuna su zauna daram. Akwai ɗan lissafi da santimita a ciki, don haka kowa ya zo aji da tef ɗin awo, ko da irin na teloli ne.

Bangon matakala ya bambanta da na falo ta fuska biyu. A falo ƙasa a shimfiɗe take, sai a jera hotuna a tsawo ɗaya. A matakala kuwa mai kallo yana hawa ne ko yana sauka, idonsa na tashi da kowane mataki, don haka dole layin hotunan ya bi gangaren matakalar. Na biyu, matakala hanya ce, kuma ƙunci gare ta, faɗin yawancinsu bai wuce mita ɗaya ba. Ta nan ake wucewa da katifa da bokitin ruwa, ta nan mai goyo take bi, ta nan yara suke tsere. Hoton da aka maƙala a ƙusa ɗaya mai lilo ba zai daɗe ba, in kuwa ya faɗo, gilashi ne zai tarwatse a inda ake takawa ba takalmi.

Kafin a taɓa guduma

A fara da shawarar mutanen gida. Malamai sun yi saɓani a kan rataye hoton mai rai a bango, kuma akwai gidajen da ba sa yi sam. Wanda yake shakka ya tambayi malaminsa. Awon da za mu koya yana aiki daidai a kan takardun shaidar karatu, ko hoton gari, ko zanen rassan zuri'a mai sunaye kawai. Idan baƙi maza suna bi ta matakalar, a nemi yardar matan gida kafin a sa hotonsu, a kuma zaɓi wanda suke cikin sutura. Ɗan haya kuma ya nemi iznin mai gida kafin ya huda bango.

Sai tsarin jeri. Mun fi son a sa kakanni da iyaye daga sama, 'ya'ya da jikoki su biyo ƙasa, domin dattijo ba zai ji daɗin ganin hotonsa a ƙarƙashin na jikansa ba. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, a daidaita girman firam ɗin 'ya'yan kowane ɗaki. Ƙaramin abu ne a ido, amma yakan zama magana.

Hotuna da firam

Masu wanke hoto da inci suke kiran girma: 5 da 7, 8 da 10, 12 da 16. Inci ɗaya santimita 2.5 ne da 'yan kai, wato hoto mai inci 8 da 10 ya kai kimanin santimita 20 da 25, in an sa masa firam ya kai wajen 25 da 30. A matakalar gida ba a bukatar wanda ya wuce inci 12 da 16, saboda babu filin da mutum zai ja da baya ya kalli babban hoto.

Tsohon hoton da babu irinsa, kamar na aikin hajjin kaka ko na auren iyaye, kada a rataye shi. A kai wa mai hoto ya kwafa ya wanko sabo, a rataye kwafin, a adana na asali cikin ambulan a akwati. Hoton waya kuma a ba mai wankewa na ainihi daga wayar da ta ɗauka. Wanda aka yi ta turawa ta WhatsApp ya riga ya rage ƙarfi, da an faɗaɗa shi sai fuska ta dushe.

A zaɓi firam marar nauyi, wanda kaurinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, don kada kafaɗa ta riƙa kama shi. In da hali, a ce wa mai firam ya sa farar roba mai kama da gilashi a maimakon gilashi, musamman a gidan yara. A sa shi ya saka kwalin da aka yanke tsakiyarsa tsakanin hoto da gilashi. Ba ado kaɗai ba ne: idan hoto ya jingina da gilashi, laimar damina kan manne su, ranar da aka zo rabawa sai fuskar hoton ta ɓare. A baya kuma ya ɗaura zobba biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, maimakon igiya ɗaya a tsakiya. Sunayen mutanen da shekarar ɗauka a rubuta su da fensir a kwalin baya, kada a sa biro a jikin hoton, tawada tana ratsowa.

Kayan aiki su ne tef ɗin awo, fensir, zare mai ƙarfi kamar mita 5, salatif na takarda, tsofaffin jaridu, almakashi, lebur irin na magina, injin huda bango da bakin huda kankare mai milimita 6, 'yan robobin nan da ake cusawa a rami waɗanda masu shago ke kira fisha, su ma masu milimita 6, sukuru mai tsawon santimita 4, abin ɗaure sukuru, da ƙaramar guduma. Kowane firam yana cin fisha biyu da sukuru biyu. A ƙara huɗu a kan lissafi saboda masu lalacewa.

Fitar da layi

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutane biyu suke yi.

A tsaya a mataki na biyu daga ƙasa. A ɗora kan tef a bakin matakin, daidai gefen da ƙafa ke fara taɓawa, a auna sama sak santimita 150, a yi alama da fensir. A hau mataki na biyun ƙarshe daga sama, a maimaita wannan awon daga bakinsa. Sai a ja zare tsakanin alamomin biyu, ya miƙe tsam, a manne kowane ƙarshe da salatif. Wannan zare shi ne layin ido. Tsakiyar kowane babban hoto a kansa za ta faɗa. A kula, tsakiya muka ce, ba saman firam ba, ba ƙasansa ba.

Kullum daga bakin mataki ake aunawa. Wanda ya auna ɗaya daga baki, ɗaya daga kusurwar ciki, ya karkatar da layinsa da kusan tsawon mataki guda, ba zai gane ba sai ya sauko ya hanga daga ƙasa. A ƙara gwadawa a wani mataki na tsakiya. Idan awon ya kauce da santimita 1 ko 2 babu laifi, magina ba sa zuba matakai daidai da juna. A bi zaren, a bar matakin.

Me ya sa 150? Nan ne kusa da idon matsakaicin mutum, kuma ƙarfen riƙewa yakan tsaya wajen santimita 90, saboda haka ƙasan firam zai yi nisa da hannun mai dafawa. A dandamalin da matakala ke juyawa, ƙasa a shimfiɗe take, sai a auna 150 daga daɓe kamar a falo.

Yanzu tazara. A ce faɗin kowane mataki santimita 28 ne, tsawonsa 17. Idan aka sa babban hoto a kan kowane mataki biyu, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba za a matsa gefe santimita 56, a hau sama 34. Matakala mai matakai 12 za ta ɗauki manyan hotuna biyar ko shida. Wanda yake da ƙananan hotuna da yawa sai ya cike sama da ƙasan zaren da su, ya bar santimita 5 zuwa 7 tsakanin firam da firam, wajen faɗin yatsu uku. Tazarar nan ta zama iri ɗaya ko'ina, ita ce take haɗa kan hotuna masu girma dabam-dabam. Layin ne kawai yake karkata. Kowane firam a tsaye yake sak.

Gwaji da jarida

Kada a huda ko rami ɗaya kafin wannan. A kwantar da kowane firam a kan jarida, a zagaye shi da fensir, a yanke. A kifa firam ɗin, a ɗora takardar a bayansa, a huda ta da fensir daidai inda zobban suke. A rubuta sunan hoton a fuskar takardar da ke kallon sama a lokacin hudawa, sannan a juya wannan fuskar ta kalli bango wajen mannawa, in ba haka ba dama za ta koma hagu. Idan zobban suna daidai da juna ta kowane gefe, wannan ba zai dame ku ba, amma ba kowane mai firam ne yake auna su ba.

A manna takardun da salatif, a daidaita saman kowacce da lebur. A hau, a sauka, a hanga daga ƙasa da sama. A bar su su kwana, mutanen gida su gani su yi gyara. Matsar da takarda ba ya cin ko kwabo, cike ramin da aka huda bisa kuskure kuwa sai da siminti da fenti.

Ga lissafin wurin rami ga wanda ba ya son takarda. Tsawon firam santimita 30 ne, rabinsa 15. Zobe yana ƙasa da saman firam da santimita 5. Wato 150 a tara da 15, a ɗebe 5, ya zama 160. A santimita 160 daga bakin matakin da ke ƙarƙashin tsakiyar firam ramukan biyu za su faɗa, a tsawo ɗaya.

Huda da ratayewa

A fara duba abin da ke cikin bango. Matakala takan sami makunnin fitila a ƙasa da wani a sama. Wayoyinsu suna tafiya cikin bututu a ƙarƙashin filasta, yawanci sama sak ko ƙasa sak ko gefe a miƙe daga makunni da soket. A nisanci waɗannan layukan da aƙalla santimita 15, a kuma kashe layin fitilun matakala daga akwatin wuta kafin a fara. Idan banɗaki ne a bayan bangon, a tambayi mai aikin famfo inda bututun ruwa ya bi. Irin wannan bangon ma yakan jiƙe. Inda aka ga fenti yana kumbura ko yana fitar da farin gari kamar gishiri, kada a sa hoto sai an gyara.

Ba a kafa tsani ko kujera a kan matakai. Ramin da ke santimita 160 zuwa 180 hannu yana kaiwa daga tsaye. Wanda ya fi haka a bar wa ma'aikaci mai katakon takawa.

A naɗa salatif a bakin injin daidai santimita 4 daga tsininsa, don a san inda za a tsaya. A huda ta cikin alamar jarida, inji a miƙe, a fara a hankali don kada filasta ta ɓalle. A hure ƙurar ramin, a buga fisha har ta shafe da bango, a ɗaure sukuru a bar kansa a waje kamar rabin santimita. Sai a cire takarda, a rataye, a ɗora lebur a sama.

Mutane da yawa sukan so su huta da ƙusar kankare. Tana riƙe ƙaramin firam na inci 5 da 7, amma a bulon da siminti bai ishe shi ba takan farfasa filasta, ta yi rami mai faɗi, bayan 'yan watanni ta fara girgiɗi. Idan inji ya zurma farat ɗaya, an faɗa ramin bulo ne. Babu damuwa muddin fisha ta kama gam a kaurin da ta ratsa. Idan tana juyawa tare da sukuru, ramin ya yi mata yawa, a sa mai milimita 8 da sukurun da ya fi kauri. Idan kuma inji ya tsaya cak yana ƙara, mai yiwuwa an ci karo da rodi a cikin ginshiƙi, kada a matsa masa, a kauce santimita 2 ko 3. A benen ƙasa irin na da, fisha ba ta kamawa. Doguwar ƙusa mai inci 4 ake bugawa, tsininta ya karkata ƙasa, kuma firam marar nauyi kawai ake sa wa.

A yanko roba 'yar ƙarama daga tsohon silifa, a manna a kusurwoyi biyu na ƙasa ta bayan firam. Tana hana shi zamewa idan an goge shi, tana kuma barin iska ta ratsa baya, laima ba ta taruwa.

Kulawa

Rana tana cin launin hoto. Idan taga tana jefo hasken rana kai tsaye a wani sashe, a sa labule ko a bar wurin fili. Da hunturu a riƙa kaɗe ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi mako-mako. Kada a fesa ruwa a gilashi, yakan gangara ya shige ƙasan firam ya jiƙa hoton. Ƙyallen ake ɗan jiƙawa. Ƙarshen kowace damina a sauke firam ɗaya-ɗaya, a duba baya ko gara ta shiga ko kwali ya yi fumfuna, a girgiza sukuru a ji ko ya saki.

Aikin gida

1. Auna matakai uku na wata matakala, ka rubuta faɗi da tsawon kowanne da santimita.
2. Firam yana da tsawon santimita 40, zobensa yana ƙasa da samansa da santimita 8. A nawa za a huda daga bakin mataki?
3. Malama tana da firam 7. Fisha nawa da sukuru nawa za ta saya, har da ƙarin huɗu-huɗu?
4. Faɗin kowane mataki santimita 30 ne, ana sa hoto a kowane mataki biyu, faɗin firam kuma 35. Santimita nawa ne tsakanin gefen firam da gefen na gaba?