Yadda Malami Zai Nuna Wa Ɗalibai Abincin Kifin Teku Daga Nan Sakkwato

Yaranmu na cin shawa da titus, amma ka tambaye su me kifin nan ke ci a teku, sai aji ya yi tsit. Amsar tana wurin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma danginsu na nan cikin Kogin Rima. Ba sai an je Legas ba.

Da farko, Malam, ka nemi kwalba mai tsabta da tsohuwar safar nailan. Ka sauka Kwalkwalawa, bakin Kogin Rima, da sassafe, ka nemi gefen da ruwa ya kwanta ya yi kore-kore. Da guga za a ɗiba, kada yaro ya tsoma ƙafa, saboda tsargiya. A tace kamar bokiti biyu ta cikin safar, a ɗauraye abin da ya maƙale cikin kwalbar da ɗan ruwan kogin. A ajiye a inuwa a duba a ranar, don zafin garin nan ba ya barin su su kwana da rai.

Ɗigo ɗaya ya isa a kan gilashin madubin likita. Ka fara da ƙaramin idon madubin kafin babba. Za a ga ƙananan halittu koraye da masu launin ruwan ƙasa, su ne ke haɗa abinci da hasken rana. Ire-irensu na teku ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Masu zillo suna tsallake gilashin kuwa, su ke cin na farkon, kifi kuma ya ci su.

Nan ka tsaya ka faɗa musu abin da madubin makaranta ba zai nuna sosai ba. Mililita ɗaya na ruwan teku na ɗauke da bakteriya kusan miliyan ɗaya. A 1983 masanin kimiyya Farooq Azam da abokan bincikensa suka bayyana yadda bakteriyar ke tsince abincin da ya narke a ruwa, wasu ƙananan halittu su cinye su, abincin ya sake komawa hanyar da za ta kai shi bakin kifi. A ganina wannan ne zuciyar darasin, kada a yi masa gaggawa.

Daga ƙarshe ka sayo shawa guda a kasuwa, ka ɗaga murfin kunnenta. Ƙarƙashinsa akwai jerin siraran ƙayoyi kamar haƙoran matsefi, da su take tace ruwa ta kama abincinta. Kowane ɗalibi ya taɓa, sannan ya zana jerin wa ke cin wa a littafinsa, daga hasken rana har zuwa tukunyar gidansu.