Kurakuran da ake yawan yi wajen haɗa sola da ruwan zoɓo

Ɗaliban kimiyya da dama a jami'o'inmu kan ɗauki aikin kammala karatu a kan sola mai aiki da rini, wadda Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da ita a 1991. Rinin zoɓo ke kama haske, garin titanium dioxide ya kwashe lantarkin zuwa gilashi mai ɗaukar wuta da aka shafa garin a kansa. Sai a gama wahala, mitar awon lantarki ta ƙi motsi.

Galibi daga garin ake faɗuwa. Wani zai ce ai farin fenti ma titanium ne. Gaskiya ne, amma ƙwayarsa ta ninka wadda ake buƙata sau goma. Nemi mai ƙwayar nanomita 20 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), irin garin da ake sayarwa da sunan P25, don ƙanƙantar ƙwayar ce ke ba rini wurin maƙalewa. In ka kwaɓa, kada ka lafta shi kamar yaɓen soro. Kaurin salatif ɗaya a gefen gilashin ya isa ma'auni, fiye da haka tsagewa zai yi.

Kafin ka shafa, gwada gilashin da mita. Fuska ɗaya ce kawai ke ɗaukar wuta, kuma abin dariya ne yawan masu shafawa a bayanta.

Gasa gilashin da aka shafa kuwa ba ya son gaggawa. Digiri 450 na rabin awa, a hau a hankali, a sauka a hankali, in ba haka ba gilashin ya fashe. Wanda ya shanya a rana ya ce ya gasa, kansa ya ruɗa: ƙwayoyin ba su manne da juna ba, lantarki ba shi da hanyar wucewa. Cikin nau'o'in gilashi masu ɗaukar wuta, FTO ne ke jure wannan zafi. ITO kan lalace.

Zoɓon ma ba na sha ba ne. Tafasawa mai tsawo na kashe launin, sukari da citta ba su da gurbi a nan. Jiƙa shi cikin ethanol da ɗan tsami, ka ajiye a duhu. Bayan rini, a busar sarai kafin a ɗiga ruwan ayodin, wanda ke mayar wa rinin lantarkin da ya bayar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wajen awo. Ganin rabin volt a mita ba inganci ba ne. Sai ka auna ƙarfin wutar da ke gudana, faɗin wurin da ka shafa, da hasken da ya sauka, wanda ma'auninsa watt 1,000 ne a kowace murabba'in mita. Rana mai hazon hunturu ba ta kai nan ba. Rinin tsiro da wuya ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100; in lissafinka ya ba ka 15, koma ka duba faɗin da ka rubuta.