Kurakuran da ake ta maimaitawa kan sifirin bayan manyan a-kori-kura

Duk wanda ya sayi babbar a-kori-kura irin su Ford F-250, Ram 2500 ko Chevrolet Silverado 2500HD, kukansa na farko ɗaya ne: motar na dukan ƙugu. Da ta taka ɗan rami sai bayanta ya yi tsalle, na kujerar baya ya ji har cikin haƙoransa. Ba lalacewa ta yi ba. An ƙera sifirinta ne, wato ƙarfen nan mai lanƙwasawa da ke tsakanin jikin mota da tayoyi, don ya ɗauki lodin da ya haura tan guda, idan bodi ba komai kuwa babu nauyin da zai lanƙwasa shi. Ga kuma aksul ɗin baya, ƙaton ƙarfe guda mai nauyi da ya haɗa tayoyin baya, abin da ya daki taya ɗaya sai ya girgiza ɗayar. Daga nan mutum ke bazama neman magani, kuma kusan kowa a wuri ɗaya yake ɓata.

Tun wajen saye ake fara kuskure. A zagaya da motar ba kaya na 'yan mintuna, a yanke hukunci. Ford da Chevrolet da GMC sifirin mai falle-falle suke sa wa manyansu a baya. Ram 2500 kuwa tun ƙirar 2014 ta koma sifirin mai naɗi, da sanduna biyar masu riƙe aksul, yayin da yayarta Ram 3500 ta zauna a kan falle. Falle aiki biyu yake yi, ya ɗauki nauyi, ya kuma riƙe aksul a mazauninsa, sannan fallayen na gugar juna, shi ya sa ƙananan gargada ba sa motsa shi, jikinka ne ke shan su. Mai naɗi ba shi da wannan gugar, ya fi laushi idan ba lodi. Amma an kafa shi ne ta ciki, kusa da tsakiyar mota, don haka lodi mai tsayi ya fi sa ta tangaɗi a kwana. Kuma wani laifin da ake ɗora wa baya, na gaba ne. Chevrolet da GMC kowace tayar gaba motsinta daban, masu jan ƙafa huɗu na Ford da Ram kuwa aksul guda ne a gaban ma. Ni dai ba na yarda da gwajin da ba a ɗora komai a bodi ba.

Sai iskar taya, inda ake asarar kuɗi a banza. Tayoyin waɗannan motoci yawanci masu alamar E ne, an rubuta 80 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a gefensu. Wannan iyakar iska ce, ta ranar da taya ke ɗauke da iyakar nauyinta. Sai ka ga an ɗura 80 a baya, bodi wayam, ana ta yawo a gari, sannan a garzaya wajen bakanike a canja shakazoba huɗu. An bar jaki ana dukan taiki. Shakazoba ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa ya kashe lilon sifirin, ba zai tausasa tayar da ta sandare ba. Abin da nake yi: na auna nauyin da ke kan aksul ɗin baya a sikeli, na duba jadawalin lodi da iska na kamfanin tayar, in ba kaya na rage ta baya daidai da jadawalin, na bar ɗan rara. Da safe nake gwadawa, taya na sanyi. Fitilar gargaɗin iska na iya kamawa a wasu motocin, na sani, kuma wasu ba za su yarda da ni ba, su lambar iskar da kamfanin mota ya manna a jikin ƙofa suke bi kullum. Sharaɗin dai ɗaya ne, kafin lodi ya hau a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi zafi take ɗauka har ta fashe.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne batun jakar iska da ake ƙarawa tsakanin shasi da aksul. Mutum ya ga bayan motarsa ya zauna, ya sa jakar, ya hura, mota ta miƙe tsaf, shi ke nan a ganinsa ta ƙara ƙarfi. Wallahi ko kilo ɗaya ba ta ƙara ba! Aksul ɗin nan shi ne, birki shi ne, tayoyi su ne. Abin da aka yi kawai, an ɓoye alamar da ke gaya maka lodi ya yi yawa. Ni ma ta taɓa ruɗa ta. Ina jan tirela mai nauyi, mota a miƙe gwanin sha'awa, tayar baya ta yi bindiga a kan gudu, ta yage gefen bodi, da ƙyar na tsaya a gefen titi. Da aka auna daga baya, nauyin da ke kan aksul ya wuce abin da aka rubuta. Kuɗin gyaran ya ninka na jakar sau da yawa.

Malam, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Nauyin da motarka za ta ɗauka yana nan, da iyakar kowane aksul. Kada ka bi lambar talla. A Amurka da yawa daga cikin masu lamba 2500 an tsayar da jimillar nauyinsu, mota da kayanta, a fam 10,000, wato kilo 4,536, kuma injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, duk daga rabon kayanka ake cire su. Tirelar da ake ɗaurawa a tsakiyar bodi takan sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motar. Mai kilo 6,000, a kashi 20, ta ɗora maka 1,200 tun ba ka zauna ba, balle iyali da kayan aiki. In lissafin bai fita ba, 3500 kake bukata, ka haƙura da taurinta. In kuwa kana cikin iyaka, jakar na da amfani wajen daidaita mota. Kada dai a bar ta ba iska sam, masu yin ta kan ce a bar aƙalla 5 psi. Ni kowane gefe bututunsa daban nake sawa, don kada iska ta gudu ɗaya gefen a kwana.

Sauran ƙanana ne, amma suna ciwo. Masu zare falle ɗaya don neman laushi, ranar lodi za su ji shasi na dukan aksul. Masu ɗaga gaba don mota ta yi daidai sun manta da gangan aka bar baya sama, da kaya ya hau sai hanci ya kalli sama, fitila na kashe wa masu tahowa ido. Dogayen tubalan ƙarfe da ake cusawa tsakanin falle da aksul suna ƙara wa aksul ƙarfin murɗe sifirin, taya ta riƙa tsalle wajen tashi. Babban rim da siririyar taya ado ne, ƙugunka ne zai biya. Kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure falle da aksul, in an kwance su a sa sababbi, a kuma sake ɗaure su bayan an ɗan yi tafiya, don sukan saki.