Yadda na gyara turbo mai tura iska fiye da kima

Duk lokacin da na taka totur a kan hanyar Gombe zuwa Bauchi, sai motar ta mutu jiki, fitilar inji kuma ta kama. Na'urar bincike ta nuna lambar P0234, wato iskar da turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji) ke turawa ta wuce kima, shi ya sa kwamfutar motar take rage ƙarfi domin kare injin. Wani bakanike ya ce a sayi sabon turbo, amma na ga ya yi gaggawa. Da muka bi siririn tiyon da ke kai iska ga bawul ɗin sakin hayaƙi, wanda ke buɗewa ya rage gudun turbo idan iska ta yi yawa, sai muka tarar zafi ya tsage shi ta ƙasa, don haka bawul ɗin ba ya buɗewa. Mun sauya tiyon, muka goge lambar.