Yadda ake amfani da na'urar zuƙar rauni ta tafi-da-gidanka

Akwai raunukan da wanki da bandeji na yau da kullum ba sa iya rufe su, kamar gyambon ƙafar mai ciwon suga, da gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa a kwankwaso ko diddige, da ɗinkin tiyata da ya buɗe ya ƙi haɗuwa. Irin waɗannan ne likita kan ɗora wa na'urar da ke zuƙar rauni. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho ya riga ya san tushen aikin, wato a rufe wuri ruf sannan a zuƙe iskar da ke ciki. Sai dai kamanceceniyar ta tsaya a nan, domin ƙaho jini yake nema cikin 'yan mintoci, ita kuwa wannan na'ura tana ja ne a hankali, da awo, dare da rana, kuma jini shi ne abin da ba a so a gani a cikinta.

Masana biyu na Jami'ar Wake Forest da ke Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su ne suka yi fice wajen kafa wannan hanya, kuma sun wallafa sakamakon bincikensu a shekarar 1997. Idan aka cusa soso a cikin rauni, aka lulluɓe shi da leda mai manne, aka zuƙe iska, ruwan ciwo yana fita ta tiyo, kumburi yana saɓewa, bakin raunin yana matsowa kusa da juna, sannan jan da soson ke yi wa nama yana sa sabon nama ja ya tsiro daga ƙasa. Na'urorin da ake komawa gida da su sun kasu biyu. Akwai masu mazubi, wato ɗan kwanon da ruwan ciwo ke taruwa a ciki, irin ActiV.A.C., wadda ake ratayawa a kafaɗa, mazubinta na ɗaukar mililita 300, kuma galibi ana saita ta a kan 125 na mmHg, wato ma'aunin ƙarfin zuƙa. Akwai kuma ƙanana irin PICO, wadda ke shiga aljihu, tana ja a kan 80, ba ta da mazubi domin bandejinta ne ke shanye ruwan, kuma ana jefar da ita idan kwanakinta sun cika. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga mai mazubi, domin ita ce ta fi buƙatar kulawa.

Mataki na farko ba a gida yake ba, a gaban likita yake. Shi ne zai duba ya tabbatar raunin ya dace da wannan magani, domin ba a ɗora na'urar a kan raunin da ke da mataccen nama mai baƙin ɓawo sai an kankare shi, ba a ɗora ta a kan ƙashin da ya kamu da ƙwayoyin cuta alhali ba a fara maganinsa ba, ko a raunin da ke da ciwon daji, ko inda jijiyar jini ko wani sashe na kayan ciki yake a buɗe. Wajibi ne mara lafiya ya faɗa wa likita idan yana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin. A ganina wannan ita ce maganar da bai kamata a ji nauyin maimaita ta ba, ko da an riga an rubuta ta a kati.

Canjin soso aikin ma'aikacin jinya ne da ya samu horo, kuma ana yin sa duk bayan awa 48 zuwa 72, amma kada ya gaza sau uku a mako. Duk da haka ya kamata mai jinya ya san yadda aikin yake tafiya, don ya taimaka kuma ya lura. Ana farawa da ba mara lafiya maganin rage zafi idan likita ya rubuta, a kashe na'urar, a bar soson ya ɗan saki. Sabon nama yakan kutsa cikin ƙofofin soso, shi ya sa cire shi da gaggawa yake da zafi kuma yake jawo jini. Idan ya manne, a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti, a dakata kamar minti 15 zuwa 30, sannan a ɗaga shi sannu a hankali da hannu mai safa.

A nan ne ake yin ƙidaya. Duk guntun soson da aka saka a canjin da ya wuce dole ne a ga ya fito, domin wanda ya maƙale a lungun rauni nama yana rufe shi, ya zama tushen mugunya. Saboda haka a rubuta adadin guntayen da kwanan wata a jikin ledar da kuma a takarda, a kuma gwada adadin da abin da aka ciro kafin a ci gaba.

Bayan an wanke raunin, sai a busar da fatar da ke kewaye da shi sosai, domin leda ba ta kama fata mai laima. Ana yanka soso daidai da girman raunin da zurfinsa, a yanka shi a gefe, ba a saman raunin ba, don kada ɓurɓushi ya faɗa ciki. A ajiye shi a ciki ba tare da dannawa da ƙarfi ba, kuma kada ya hau kan lafiyayyar fata, domin jan zai jiƙa ta ya saɓule ta. Daga nan sai a shimfiɗa ledar ta zarce bakin raunin da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, ba tare da an ja ta ta yi tsauri ba. A yanke rami zagayayye mai faɗin kimanin santimita 2.5 a ledar da ke saman soson, a manna bakin tiyon a kai, a haɗa shi da mazubi, a buɗe matsen tiyon, sannan a kunna. Idan rufin ya yi kyau, cikin ɗan lokaci za a ga soson ya lotsa ya yamutse kamar busasshen dabino, ya yi tauri idan aka taɓa shi da yatsa, ƙarar na'urar kuma ta lafa.

Daga wannan lokaci nauyin ya koma kan mutanen gida, kuma ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada na'urar ta zauna a kashe fiye da awa 2 a cikin awa 24. Soson da ba a ja, wanda ke kulle a ƙarƙashin leda, matattarar ƙwayoyin cuta ne. Idan aka wuce awa biyun, ba kunna ta kawai za a yi a ci gaba ba. Sai an cire soson an rufe raunin da jiƙaƙƙen bandeji mai tsabta, an kuma kira ma'aikacin jinya. Don haka tun ranar sallama a nemi a koya wa mai jinya wannan, a kuma karɓi kayan yin sa a ajiye. Batirin ActiV.A.C. yana kai kimanin awa 14 idan ya cika, wanda a inda wutar lantarki ba ta da tabbas ba lokaci ne mai yawa ba. A jona ta a duk sa'ad da aka kawo wuta ko da batirin bai yi ƙasa ba, a kuma san tun da wuri gidan da ke da sola ko janareta da za a iya kai wa cikin dare.

Abin da ya fi yawan tayar da ƙararrawar na'urar shi ne shigar iska ta gefen leda. A lokacin zafi gumi yana ɗaga ledar, musamman a matsematsi, da tsakanin yatsun ƙafa, da duk inda fata take naɗewa. Idan soson ya kumbura ya yi laushi, a kasa kunne kusa da ledar, sau da yawa za a ji siririn sautin iska. A bi gefen da yatsa ana dannawa har sautin ya ɗauke, a liƙa wani yankin leda a daidai wurin. Idan ƙararrawar ta toshewa ce, a duba ko tiyon ya lanƙwashe, ko mara lafiya ya kwanta a kansa, ko an manta matsensa a rufe. Kwanciya a kan tiyo ma kanta tana iya buɗe sabon gyambo, don haka a karkatar da shi nesa da inda ƙashi yake kusa da fata.

Mazubi kuwa a duba shi safe da yamma. Ruwa mai ruwan ɗorawa ko mai ɗan ja-ja abu ne da aka saba gani. Idan ya cika, a matse tiyon, a cire mazubin a sa sabo. Ba a zubar da abin da ke ciki a wanke a mayar. Amma idan aka ga jini ja wur yana gudu a cikin tiyo ko mazubin yana cika da shi da sauri, a kashe na'urar nan take, a danne wurin da hannu, kada a cire soson, a garzaya asibiti. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar a shekarar 2011 cewa ta karɓi rahoton mutuwar mutum 12 da jikkatar 174 masu alaƙa da irin waɗannan na'urori tun daga 2007, kuma zubar jini ce ta haddasa mafi munin abin da ya faru. Haka nan zazzaɓi, ko wari mai tsanani, ko mugunya, ko jan da ke bazuwa a fatar gefe, duk dalilai ne na kiran likita a ranar, ba a jira ranar canji ba.

Wajen wanka, na'urar ba ta son ruwa, don haka a matse tiyon a raba shi da ita, a gama cikin sauri, a mayar, tare da tuna cewa mintocin nan suna cikin lissafin awa biyun. Ba a shiga ɗakin hoton MRI da ita. Mai ciwon suga ya ci gaba da kula da sugansa, ya kuma ɗauke nauyi daga ƙafar da ke da raunin, kowa kuma ya samu abinci mai gina jiki irin wake da ƙwai da kifi da nama, domin na'ura ba ta ƙirƙirar nama daga jikin da bai ƙoshi ba.

A kowane canji a nemi ma'aikacin jinya ya auna tsawo da faɗi da zurfin raunin ya rubuta. Idan mako ɗaya zuwa biyu suka wuce awon bai ragu ba, likita zai sake nazarin maganin. Idan kuwa jan nama ya cika ramin har ya kusa daidaita da fata, to aikin na'urar ya ƙare, sai a koma ga bandeji na yau da kullum ko a shirya dashen fata.