Tsohon Layin Waya da Kundin Bashinka a Birtaniya

Darasi na 1: Kundin bashi

A Birtaniya akwai manyan kamfanoni uku da ke rubuta yadda mutum yake biyan abin da ake binsa: Experian, Equifax da TransUnion. Wannan rubutu shi ne kundin bashinka. Banki yakan duba shi kafin ya ba ka rance ko kuɗin sayen gida. Layin waya na kwantiragi, wato wanda ka amince za ka riƙa biya duk wata har wata 12 ko 24, yana shiga kundin. Layin da kake loda wa kati in ka ga dama ba ya shiga. In ba ka tabbatar da irin naka ba, kada ka ji kunya, ka tambayi kamfanin wayar.

Darasi na 2: Cire layi ba rufewa ba ne

A nan aka fi tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali.

Idan wa'adin wata 24 ya cika, kwantiragin ba ya mutuwa da kansa. Ci gaba yake yi wata bayan wata har sai ka ce a rufe. Kamar ɗakin haya ne: ko ka daina kwana a ciki, muddin ba ka mayar da makulli ba, kuɗin wata na hau maka. Ka cire layin ka jefa a durowa, ba ka rufe ba. Ka sayi sabuwar waya a wani kamfani da sabuwar lamba, tsohon yana nan.

Babban kuskuren kuwa shi ne mutum ya fara soke izinin da ya ba banki na cire kuɗin wayar duk wata. Bankin zai daina biya, amma kamfanin ba zai daina lissafi ba. Kowane watan da ya wuce sai a rubuta maka alamar jinkiri. Bayan kamar wata uku zuwa shida, sai a rubuta cewa ka kasa biya. Wannan tambari shekara 6 yake yi a kundinka. Ko ka biya daga baya, za a nuna an biya, amma tambarin ba zai goge ba sai shekarun sun cika. Bashin fam 15 ma ya isa ya jawo shi.

To ga yadda ake yi. Mayar da tsohon layin cikin waya, ka rubuta INFO, ka aika zuwa 85075. Kyauta ne. Amsar za ta faɗa maka ko akwai kuɗin fita kafin wa'adi. Sai ka kira kamfanin ko ka rubuta musu ka ce a rufe. Yawanci sanarwar kwana 30 suke nema, kuma kwanakin nan ma za ka biya su. Nemi a turo maka shaidar rufewa a rubuce, ka adana. Jira a cire kuɗin ƙarshe. Bayan ka ga ya fita a takardar bankinka, sannan ka soke izinin banki.

Sake karantawa: kamfanin waya da farko, banki a ƙarshe. Rufe littafin ka faɗa da bakinka. Wa za ka fara zuwa wurinsa? Kamfanin waya. Madalla. In ka ce banki, ba komai, koma sama.

Amma haba jama'a, sau nawa za a faɗi wannan? Wani zai ji shi yau a aji, gobe ya danna waya ya soke izinin banki don ya fi sauƙi, ya kuma tashi daga gida bai ba kamfanin sabon adireshi ba. Wasiƙu na zuwa tsohon gida, an miƙa bashin ga masu karɓo bashi, shi kuwa bai sani ba sai ranar da aka hana shi rance. Kada ka taɓa izinin banki kafin kuɗin ƙarshe ya fita.

Darasi na 3: Duba kundinka

Doka ta ba ka damar ganin kundinka kyauta. Nema a wurin dukkan kamfanoni ukun nan na Darasi na 1, don abin da ke wurin ɗaya ba lalle ne ya kasance wurin ɗayan ba. Nemo sunan kamfanin wayar, ka ga ko an rubuta an rufe kuma ba sauran bashi. In akwai kuskure, kai ƙorafi wurin kamfanin da ke riƙe da kundin, ka haɗa da shaidar rufewar da ka adana. Suna da kwana 28 su ba ka amsa. Kana iya ƙara bayani naka wanda bai wuce kalma 200 ba.

Darasi na 4: In kana son komawa wani kamfani da tsohuwar lambarka

Daga tsohon layin, rubuta PAC ka aika zuwa 65075, za a turo maka lambar izinin sauya kamfani, sai ka ba sabon kamfani ita cikin kwana 30. Tsohon kwantiragin zai rufe idan an gama sauyin. Kuɗin ƙarshe dai sai ka biya.

Darasi na 5: A bar shi a buɗe?

Layin da ake biya a kan lokaci ba ya ɓata kundi. Asarar kuɗin wata ce kawai. In ba ka amfani da shi, bi Darasi na 2.