Yadda ake koya wa 'yan firamare buga zanen adinkra na Ghana a aji

Malamai masu darasin zane, ga wani aiki da ba ya cin kuɗi kuma yara na son shi sosai. Adinkra zane ne na mutanen Asante a Ghana, garin Ntonso kusa da Kumasi ya yi suna da shi, suna sassaƙa tambari a jikin ƙwarya su tsoma a baƙin rini da ake dafawa daga ɓawon bishiyar badie sai su buga a yadi. A da galibi wajen zaman makoki ake sa wannan yadin.

Fara da labarin kafin kowa ya taɓa kaya. Nuna musu Ghana a taswira, gaya musu akwai Hausawa a zangon Kumasi tun zamanin fataucin goro, sannan ka zana alamomi biyu ko uku a allo. Adinkrahene da'ira ce cikin da'ira cikin da'ira, sarkin alamomin kenan, yana nufin shugabanci. Dwennimmen ƙahonin rago ne, wato ƙarfi tare da ƙanƙan da kai. Akoma siffar zuciya ce, haƙuri. Don Allah kar ka tsallake ma'anar, in ka tsallake to yaran sun buga ado ne kawai basu san na waye ba, ni wannan shi ne rabin darasin ma.

Sai tambari. Ƙwarya tana da wuyar sassaƙa, dankalin Hausa ya fi sauƙi, raba shi biyu, goge ruwan da tsumma, zana alamar da fensir sai ka yanke gefen da reza har zanen ya taso. Kai za ka yi yankan tun a gida, reza ba ta shiga hannun ɗan aji uku. In kana so ya daɗe yi da tsohon silifas, shi ba ya ruɓewa.

Tawada kuwa irin ta makarantar allo ta isa, gawayi dakakke lukui da ƙaro da ɗan ruwa, amma ta yi kauri don in ta tsinke zanen zai malale. Zuba a kan soso cikin murfin roba.

Kowane yaro ya samu kwali ko guntun farin yadi. Masu adinkra suna fara jan layuka ne da wani abu mai haƙora su raba yadin gida-gida, to ku yi da tsohon kum, a tsoma a ja. Daga nan kowane gida alama ɗaya ake maimaitawa har ya cika, a danna a ɗaga tsaye ba murzawa, su gwada a tsohuwar jarida tukuna.

Sati mai zuwa kowa ya ƙirƙiro alamarsa ya faɗa wa aji abin da take nufi, gaskiya ko zumunci ko kunya. Aikin kuma a shanya shi a inuwa, in na tawadar gawayi ne kar a wanke yadin don zai fita.